Dusar Nomau da Randunan Tabawa

An ce wai a wani gari na bakin rafi an yi wani mutum, Nomau, mai gidan burkutu a bayan ganuwa. Tukwanensa ba sa hucewa, kullum kuma jakunansa na kwasar dusar da aka tace su juye a rafi. Shekara goma sha biyar ana haka. Ruwa ya yi baƙi, kifi ya ƙare, yara na fama da ciwon ciki. Mutanen gari kuwa sai su toshe hanci su wuce, suna cewa haka Allah ya so. Sai ka ce Allah ne ya ɗora wa jakunan kaya!

Akwai wata mata, Tabawa, 'yar majema, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu. Ita kaɗai ta tsaya ta dubi abin da kowa ke kau da kai daga gare shi. Ta gano in an jiƙa dusar a randa kwana bakwai, tana ba da ruwan tsami mai sa fata laushi. Sauran kuma ta shanya ta ƙona, ta yi sabulu da tokar. Kafin shekara ta zagayo majema na layi a ƙofarta.

Da labari ya kai wa Nomau, sai ya maka ta gaban Alƙali Isiyaku, ya ce ɓarauniya ce, a ba shi randunanta, a kore ta daga gari. Zaure ya cika maƙil. Kowa ya san Nomau na da ƙafa a gidan hakimi, kowa kuma ya san Tabawa ba ta da kowa.

Alƙali ya ce, "Baiwar Allah, kin ɗiba?"

Ta ce, "Allah gafarta Malam, na ɗiba. A bakin rafi na tarar da ita, ƙudaje ma ba su nemi izini ba."

Nomau ya daka mata tsawa: "Ji bakinta! Dawata ce, wutata ce, dusata ce."

Alƙali ya dube shi ya ce, "Ka tabbata taka ce? Har wadda ta riga ta bar hannunka?"

"Ko ƙwaya ɗaya, tun ranar da na ɗora tukunyar farko."

Sau uku alƙali ya maimaita tambayar gaban shaidu, sau uku Nomau ya amsa yana bugun ƙirji. Alƙali ya ce, "To, shari'a ba ta raba mutum da kayansa. Tabawa, ki mayar masa da abin da ke randunanki."

Tabawa ta durƙushe, ta rasa ko hawaye. Nomau ya miƙe yana gyara riga.

Alƙali ya ce, "Zauna, ban gama ba. Tun da duk taka ce, akwai sauran dukiyarka ta shekara goma sha biyar kwance a rafin jama'a. Kafin Juma'a ka kwashe ta tas. Duk uwar da kayanka suka kwantar wa ɗa kuma, ta zo, ina nan zaune."

Nomau ya zabura ya miƙe. Ya ce, "Haba, Allah gafarta Malam! Ai waccan shara ce, na zubar!"

Alƙali ya ce, "A ina Tabawa ta ɗebi tata?"

Nomau ya koma ya zauna.

Alƙali ya ce, "Abu ɗaya ba ya zama shara in ya yi wari, ya zama dukiya in ya yi kumfa. Zaɓi suna ɗaya ka ba shi."

Nomau ya ce, "Shara ce."

"To, ba a satar shara. Randuna na Tabawa ne. Daga yau jakunanka su sauke kayansu a ƙofarta, kada ƙafarsu ta sake taka bakin rafi."

Sannan ya juya ga jama'a, waɗanda suka fara sowa, ya ce, "Ku rufe min baki. Shekara goma sha biyar kuna da hanci, ba ku da ido. Mace ɗaya ta yi abin da gari guda ya kasa, yau da safe kuma kun zo kallon korarta."

Tabawa ta tashi ta kakkaɓe zaninta ta fita, don ranar ce ta bakwai, akwai randar da ke jiran tacewa.

Wanda ya ƙi amsa sunan mai wari, ba shi da bakin cewa sabulun nasa ne.