Kwaɗi Dubu Biyu da Ɗari Biyar da Ashirin da Ɗaya

Ga ta nan tafe, ga ta gare ku.

Ta iso mu sha labari.

Wai a wani tafki, kwaɗi suka yi alkawari da Zalɓe. Duk shekara zai zo, su jeru sahu-sahu, kowane sahu daidai da ɗan'uwansa. Wanda ya rasa sahu, shi ne abincinsa. Sau uku kawai aka yarda su gwada.

A shekarar nan su dubu biyu da ɗari biyar da ashirin da ɗaya ne. A cikinsu akwai wata tsohuwa gurguwa, Tabawa. Al'adarsu kuwa, Sarki ke fara shiga sahu, sai fadawa, sai masu ƙarfi. Kafin Tabawa ta ja ƙafa ta iso, an gama.

Galadiman kwaɗi ya ce a jeru bibbiyu. Aka jeru, saura Tabawa.

Ya ce bakwai-bakwai. Aka jeru, saura Tabawa.

Zalɓe ya fara goga baki a jikin dutse.

Galadima ya ce, "Iya, ki yi haƙuri, ke kika ɓata mana lissafi. Ba don ke ba, mu dubu biyu da ɗari biyar da ashirin ne cif. A raba mu uku, a raba mu tara, a raba mu goma, ba ragowa."

Ran Tabawa ya ɓaci. Ta ce, "Galadima, ban da rainin wayo. In kai aka cire, ba haka lissafin zai fita ba? In Sarki aka cire fa? Ranka ya daɗe, ɗayanka ya fi ɗayana yawa ne?"

Sarki ya dubi laka.

Ta ce, "Ni da kullum nake cikin na ƙarshe, ni na fi kowa ganin sahu. Adadin nan namu taurin kai gare shi. Ku gwada sha ɗaya, ku gwada arba'in, ku wuni kuna gwadawa, sai an bar wani a waje. Ba ya rabuwa sai gida ɗaya, ko kowa shi kaɗai. Saura gwaji guda. Mu yi sahu ɗaya, dukanmu."

Suka jeru kafaɗa da kafaɗa har suka zagaye tafkin, Tabawa a gefen Sarki. Zalɓe ya bi sahun, ya bi, ya bi, bai ga na waje ba. Ya yi tsaki ya tashi da yunwarsa.

Sarki ya ce a naɗa Tabawa sarauta. Ta ce, "Riƙe rawaninka. Bara ƙanwata aka bari a waje, bara waccan makaho. Sahu ɗaya bai fi ƙarfin hankalinku ba. Ba ku nema ba ne, don ba naku ake ci ba." Ta ja ƙafarta ta shige ruwa.

Ƙurunƙus, nan na sauke ta. In an ce mutum ɗaya ya yi yawa, a fara tambayar wa ya tsara sahun.