Muryar da Ke Cikin Tsohuwar Kwamfuta

Akwai wani mutum, tsohon malamin makaranta, wanda matarsa ta riga shi tafiya gida wurin Ubangiji. Kafin ta rasu, ya ɗauki muryarta a kwamfutarsa tana rera waƙoƙin zumuntar mata.

Kwamfutar nan kuwa ta tsufa tukuf. In ya kunna ta, sai ya dafa shayi ya shanye kafin ta farka, fankarta tana gurnani kamar injin markaɗe. Amma kowace yamma yakan zauna gabanta ya lumshe ido. Da muryar ta fito, sai ya ga matarsa a gindin mangwaro tana ɓarar gyaɗa, iska tana kaɗa ɗankwalinta.

Ana nan sai kwamfutar ta fara mutuwa a tsakiyar waƙa. Ya kai ta wurin wata mai gyara, ya ce, "'Yata, ƙara mata duk abin da za ki ƙara, amma kada ki raba ni da ita." Ta sa sabuwar fanka, ta ƙara mata ƙarfi, amma gurnanin bai daina ba. Bayan wata biyu ciwon ya dawo.

Mai gyaran ta ce, "Baba, ainihin allon da komai yake zaune a kai ne ya gaji. Bari in harhaɗa maka sabuwa, in mayar da waƙoƙin ciki."

Ya ce, "A'a. A nan na bar ta, a nan take."

Ya koma gida ya lulluɓe kwamfutar da zanen matarsa. Don tsoron kada ta mutu gaba ɗaya, ya daina kunna ta. Ku ji fa, mutumin da yake gudun rasa murya, shi da kansa ya rufe mata baki! Damina ta zo ta wuce, gidan shiru. Ko ya lumshe ido, mangwaron kawai yake gani, ba kowa a gindinsa.

Ran nan kewa ta ishe shi, ya ɗauki kwamfutar ya koma. Mai gyaran ta buɗe ta, ta zaro wani ɗan abu da bai fi tafin hannu ba, inda waƙoƙin suke ajiye, ta sa a wata sabuwar kwamfuta, ta kunna.

Muryar ta fito tas, ba gurnani. Waƙar ta kai ƙarshe, sai ga abin da ƙarar tsohuwar kwamfutar ta daɗe tana dannewa. Matarsa ta yi dariya ƙasa-ƙasa ta ce, "Baban Murna, kashe abin nan ka zo mana, tuwo zai huce." Tsohon ya zauna ya yi kuka, yana dariya.

Ma'anar wannan misali ita ce: tsohuwar kwamfutar jikin nan namu ne. Mu kula da shi, mu sha magani, mu je asibiti, wannan daidai ne. Amma rana tana zuwa da gyara ba zai ƙara yi ba. Na san waɗansunku suna tsoron ranar nan har sun daina waƙa tun yanzu. 'Yan'uwa, wanda ya yi mu ya san inda ainihinmu yake, ba zai zubar da ko kaɗan ba sa'ad da zai ba mu sabon jiki. Waɗanda kuka binne ma, za ku sake jin muryarsu, har da abin da gurnanin duniyar nan bai bari kun ji ba.