Ranar da Dogo Ya Hana Kansa Ciniki

Akwai wani bawan Allah da kowa ke ce wa Dogo, sana'arsa haɗa wa ofisoshi wayar da ke aiki da intanet. Irin wadda za a kira lamba ɗaya ta yi ƙara a tebura da yawa, in ba kowa a ofis ta bi ma'aikaci har wayarsa ta hannu. Ya iya aikinsa, ga barkwanci, sai dai a lokacin kasuwa ta yi masa sanyi.

Rannan aka kira shi wani ofis a saman wani tsohon bene. Ofishin wata Hajiya ne, suna kai tukwanen iskar oksijin gidajen marasa lafiya. Ƙaninta ne manaja, shi ne kuma ya matsa a kawo sabuwar waya. Ya nuna wa Dogo tsohuwar wayar tebur, lambobinta duk sun goge, ya ce abin kunya ne baƙo ya shigo ya ga wannan tarkace.

Dogo ya yi murna har cikin ransa, don aiki ne babba. Amma yana da ɗabi'a: ba ya ɗora waya sai ya zauna ya ga yadda ake aiki a wuri. Aka ba shi kujera kusa da taga.

Kafin azahar ya ga abin da ya dame shi. Da an ɗauke wuta intanet ke yankewa, kuma ko an ta da janareta sai ya daɗe bai dawo ba. Ko da wuta ma, motsi kaɗan ya tsinke.

Ana cikin haka tsohuwar wayar ta yi ƙara, Hajiya ta ɗauka. Daga inda yake Dogo yana jin muryar wata mata tana cewa iskar mahaifinta ta kusa ƙarewa. Hajiya ta kwantar mata da hankali, ta tura direba nan take. A daidai lokacin babu intanet a ofishin.

Da yamma Dogo ya zauna da su biyun. Ya fara da alherin wayarsa, bai rage komai ba: kira ya fi sauƙi, ana iya haɗa ofis da sito, ba a rasa wanda ya kira. Manaja yana ta gyaɗa kai.

Sai Dogo ya ce, "Amma Hajiya, ba ta dace da ku ba tukuna. Ita da intanet take numfashi. Wanda ke kiranku kuwa ba zai iya jira ba."

Fuskar manaja ta canza. Ya tambaye shi ko aiki ya zo yi ko wa'azi, ya ce masu ɗora waya sun cika gari. Dogo ya ce gaskiya ne, kuma ba zai hana su kiran wani ba.

Hajiya ta juya wajen ƙaninta ta ce, "Auta, bar mini tarkacena."

Dogo ya koma gida hannu rabbana. Matarsa ta ji labari ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin ɗan kasuwan da ke korar ciniki da bakinsa ba sai mijinta. Ta zuba masa abinci, ta ƙara masa nama. Ya ci ya ƙoshi, ya yi barcinsa lafiya lau.

Bayan 'yan watanni aka tafka ruwa da iska, intanet na unguwar ya mutu yini guda. Ofisoshin da ke ƙasan benen suka zauna shiru kamar an yi shara. Na Hajiya kuwa waya ba ta huta ba, har manaja da kansa ya nannaɗe hannun riga ya shiga mota kai iska. A wani gida ya tarar da wani dattijo, allurar ma'aunin iskar tukunyarsa ta kusa kwanciya. Ya dawo ofis jiƙe sharkaf.

Da shekara ta zagayo suka koma sabon gini mai intanet mai ƙarfi da batir da ba ya barin wuta ta yanke, suka kuma buɗe reshe. Manaja ne ya taka har shagon Dogo. Ya ce Yaya ta ce ba wanda zai taɓa musu waya sai shi, kuma maƙwabtansu a sabon ginin duk sun ji labarinsa, suna jiransa.

Dogo ya ɗora musu sabuwar waya a ko'ina, amma ya ba da shawara a bar layin marasa lafiya daban, wanda bai dogara da intanet ba.

Manaja ya yi murmushi ya ce, "Malam, ko ba ka faɗa ba. Wannan layin, duk wanda zai cire shi sai ya fara cire ni."

Darasi: Ba kowane sabon abu ne ya dace da kowane wuri ba, ka duba aikinka kafin ka duba yayi. Kuma gaskiyar da ta hana ka cinikin yau, ita ce za ta sa a taka har ƙofarka gobe. Ku tura wa 'yan kasuwa da masu ofis da kuka sani, wataƙila wani yana tsakiyar irin wannan shawara.