Cinikin Ƙullutun Kirya

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, tun aljanu na cin kasuwa da rana tsaka, an yi wani sarki mai suna Arzika a birnin Tsaunin Shuni, wanda Allah ya yalwata wa dukiya da mabiya, amma ya jarrabe shi a kan 'yarsa tilo, Gimbiya Tasalla. Barci ne ya ƙaurace wa idanunta tun ranar da akushin kakanninta ya faɗi ya tsage, har ta rame ta zama abin tausayi, tana yawo a lambu ido buɗe kamar mai neman allura. Masana suka ce ba za ta rintsa ba sai ta sha ruwa a akushin da aka sassaƙa daga ƙullutun kirya, irin kumburin nan da ke fitowa a jikin tsohuwar bishiya, kuma ba a samun irinsa sai a kasuwar aljanu da ke Kurmin Hazo.

Sarki ya kira Cindo, masassaƙin fada, ya ce, "Ya kai Cindo, na aika da raƙuman zinariya an dawo mini da su. Ka tafi da idonka na mai sana'a. In 'yata ta yi barci, kai ne mijinta."

Cindo ya faɗi ya ce, "Ranka ya daɗe, ko babu alkawarin aure zan tafi, don ganinta haka yana ci mini rai."

Ya ratsa dazuzzuka da fadamu har ya isa kurmin, inda hazo ke kwance a ƙasa kamar auduga, rumfuna na lilo a iska ba tare da shika-shikai ba. A can ya tarar da wata tsohuwar aljana, Uwar Kurmi, zaune a tsakiyar ƙullutai, kowanne da ɓawonsa.

Ta ce, "Ɗan mutum, ka san ƙa'idarmu? Ba a fasa ƙullutu kafin ciniki. Ni ba na faɗin farashi, kai za ka taya. In na sallama, ko ruɓa ka tarar a ciki, ta zama taka."

Cindo ya bi su yana ƙwanƙwasawa da ƙotar gizagonsa, yana kasa kunne. Wani ya amsa fanko, gidan gara ne. Wani kuma ɗanye shakaf, nauyin ruwa kawai. Can ya dafa wani baƙi, ya ji ɗumi kamar goshin jariri, zuciyarsa ta ce wannan ne.

Ya ce, "Iya, na taya da gizagon mahaifina."

"Albarka."

"Na ƙara da ƙarfin kafaɗata."

Tsohuwa ta tuntsire da dariya. "Albarka, ɗan nan! Me zan yi da kafaɗa? Mafarkin mutane nake zuba wa bishiyoyina a gindi, shi ke kumbura ya zama abin da ka dafa. Duk wanda ya saya, da mafarkinsa ya biya."

Allah sarki, nan fa Cindo ya tuna abin da zai rasa. Mahaifiyarsa ta rasu tun yana goye, bai san fuskarta ba sai a mafarki, inda take zuwa ta zauna bakin rijiya tana kiransa da wani suna da ba wanda ya sani. Ya daɗe tsaye yana kuka, ba kunya ba komai. Sai ya tuna idanun Tasalla.

Ya ce, "Na taya da mafarkina duka."

Ta ce, "Na sallama."

Da ya dawo birni, fadawa suka yi masa caa a kan ya fasa ƙullutun nan take. Ya ƙi, domin itacen da bai gama shan iska ba tsagewa yake yi. Ya shafe yankan da kakin zuma, ya ajiye a inuwa, yana jira, alhali bai san ko ruɓa ya saya da uwarsa ba. Ranar da ya sa gizago, kai jama'a! Sai ga zane yana murɗawa kamar ruwan kogi a mararraba, da ƙananan idanu masu sheƙi birjik. Ya sassaƙa akushi, ya goge shi da man kaɗanya.

Gimbiya ta kurɓa, kanta ya langaɓe a cinyar mahaifinta, ta yi barci. Sarki ya hana a buga tambari sai da ta farka don kanta, sannan aka ɗaura aure, birni ya koma hayyacinsa.

Shi kuwa Cindo, barcinsa ya zama duhu tsantsa. Wata safiya Tasalla ta ce, "Maigida, na yi mafarkin wata tsohuwa da ban sani ba, tana sussukar gero tana kiran wani yaro, da na duba sai ta yi mini murmushi."

Cindo ya ajiye gizago, hawaye ya cika masa ido. Ya ce, "Uwar wani ce da ya biya da mafarkinsa kamar ni, Gimbiya. Zauna ki ba ni labarinta a hankali, kada ki tsallake komai."