Mai Walda da Murhun Yayarsa

Akwai wani mutum mai walda, rumfarsa tana bakin titin kasuwa. Ƙofofi da tagogi yake yi, garin duka kuwa ana yabon hannunsa, gama aikinsa yana da kyan gani. Wata ranar Talata da hantsi yayarsa ta zo rumfar. Gwauruwa ce. Mijinta ya rasu ya bar mata lambun albasa a bakin rafi da injin ban ruwa, amma fetur ya fi ƙarfinta, har ta koma noma rabin lambun.

Ta ce, "Auta, malamin gona ya nuna mana wani murhu a taron zumuntar mata. Totuwar masara ake zuba masa, shi kuwa ya ba da iskar gas da za ta tayar da inji. Ga totuwa nan tuli a bayan rumbuna, ko akuya ba ta kallonta. Ka ƙera mini."

Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ke da kika goya ni? Ko jirgin sama kika ce, sai in ƙera."

Sai suka tafi wurin malamin gona, ya bayyana masa aikin. Tukunya ce ta farantin ƙarfe a cikin wata tukunya. Ana zuba totuwa ta sama, wuta tana cinta a hankali, domin iskar da take samu kaɗan ce, ta ƴan ƙananan kafofin da aka huda mata. Gas ɗin da ke fita yana bin bututu, ya ratsa garin katako ya tace, sa'an nan ya isa inji. Malamin ya ce, "Abu guda nake roƙonka. Kowane haɗi ka bi shi da walda daga farko har ƙarshe. In iska ta sami wata hanya dabam, gas zai ƙone a ciki, injin bai ga komai ba. In ka gama, ka toshe bakunan, ka hura iska, ka shafa ruwan sabulu. Inda ya yi kumfa, da kafa."

To, mai waldan nan yana da yadda ya saba. In yana haɗa ƙofa, yakan ɗiga walda nan, ya tsallake, ya ɗiga can, ya cike tsakani da filar da masu gyaran jikin mota suke shafawa, ya goge, ya fesa fenti. A makon nan wutar lantarki ba ta zama, ga kuma babbar ƙofar gidan wani attajiri tana jiransa. Tukunyar ciki ya yi mata walda sosai. Da ya zo ta waje, sai ya ce a ransa, "Tun da nake aikin nan, wace ƙofa ce ta taɓa faɗuwa?" Ya ɗiɗɗiga, ya cike, ya goge. Ya shafa ruwan sabulu a gaban yayarsa, ko kumfa ɗaya bai tashi ba. Ya yi wa murhun koren fenti.

Murhun ya kama, injin ya tashi, ruwa ya bi magudanai. Matar ta yi murna ƙwarai. Ta dasa lambun duka har bakin shinge, ran Lahadi kuma ta tashi a majami'a ta ba da shaida, ta ambaci ƙanenta.

Amma zafi yana cin filar kaɗan kaɗan. Albasa ta fara ɗaura kai ke nan, sai fentin gefe ya kumbura, injin ya soma tari yana mutuwa. Ta zo rumfa ta faɗa masa. Yana ji ya gane abin da ya faru. Aikin yini guda ne ya kankare ya sāke waldar, amma sai ta ga abin da ke ƙarƙashin fentin.

Ya ce, "Totuwarki ce ba ta bushe ba, Yaya. Ki shanya ta sosai."

Ta koma ta baza totuwa a rana, tana juyawa, tana zargin kanta, ganyen albasa kuwa yana kwanciya. Da ta sāke hura murhun, gefensa ya yi ja, ya lanƙwashe, ya buɗe baki. Malamin gona ya zo ya sa wuƙa a haɗin, filar ta zubo kamar ƙanzo.

Matar ta tsince ta a bakin zane, ta kai rumfa, ta zazzage a kan bencinsa.

"Auta, mene ne wannan?"

Ya ce, "Haka kowa yake yi, Yaya."

Ta ce, "Kowa ne ya goya ka?"



Ma'anar misalin nan, ƴan'uwa, ga ta. Mai walda ni ce, kai ne, ke ce. Haɗin ƙarfe shi ne alkawarin da muka ɗauka a gaban Allah da gaban mutum. Da yawa cikinmu mun ɗiga gaskiya nan da can, mun cike tsakani da kyakkyawar magana da zuwa sujada. Ruwan sabulu idon mutane ne, kuma za mu iya cin wannan gwaji shekara da shekaru, gama a sanyi ake yinsa. Wuta ita ce ranar da wani ya ɗora rayuwarsa a kan maganarmu.

Ku lura, mutumin nan bai ƙi yayarsa ba. Yana ƙaunarta. Ya dai kai halin da ya saba da shi wurin da halin ba zai ɗauka ba. Wannan laifi na fari yana da gyara, Ubangiji kuwa ya ba shi zarafi ranar da ta zo da kuka. Laifin da ya kashe lambun shi ne na biyu, da ya ɗauki kunyarsa ya aza wa wadda ta amince da shi. Iyaye suna yi wa ƴaƴa haka, dattawan ikkilisiya suna yi wa mambobi. Mu san kafar tamu ce, mu ce wa mutum addu'arsa ce ba ta isa ba. In akwai wanda yake shanya totuwa yau saboda ƙaryarka, ka je wurinsa kafin ka dawo nan majami'a mako mai zuwa.

Albasar ta ƙone, ba ta cire ko ta iri ba. Da rani ya zagayo, matar ta ba da lambun aro, ta shiga ƙwadago a lambun maƙwabcinta.