Kukun da Ya Yi Addu'a da Tire a Hannu

Akwai wani kuku da ake kira Dogo, yana aiki a gidan wani attajiri mai zafin rai. A gidan nan ba a neman hutu. Ka nema, a nuna maka ƙofa.

Sai ga saƙo daga ƙauye: bangon ɗakin mahaifiyarsa ya rushe, rufi ya zauna. Tsohuwa tana kwana a rumfar maƙwabta, ga damina ta kawo kai. Shi kaɗai gare ta.

Ya gaya wa direban gidan a kicin. Direba ya kwashe da dariya.

"Kai ma dai, Dogo! Ce masa ta rasu mana. Mutuwa kaɗai ke sa Maigida ya saki mutum. Ni kakata ba ta taɓa ba ni kunya ba."

"In kashe uwata da bakina?"

"To zauna ruwa ya kashe maka ita."

Maganar ta tsaya masa a rai. Da ya koma gida, matarsa ta ce, "Baban yara, ka manta Nehemiya na cikin Littafi Mai Tsarki? Shi ma miƙa wa sarki abin sha yake yi, shi ma katanga ce ta rushe masa. Ya daɗe yana addu'a. Ranar da sarki ya tambaye shi, sai da ya ƙara wata kafin ya buɗe baki."

"A gaban sarki? Ina ya samu damar durƙusawa?"

"Wa ya ce maka ya durƙusa?"

Tun daga ranar suka kama addu'a kowace safiya. Yana yankan albasa yana yi, yana wanke tukunya yana yi.

Ran nan ya kai shayi falo. Maigida ya sauke tabarau ya dube shi.

"Kai, wannan fuskar fa? Me kake so?"

Ƙaryar Direba ta zo wa Dogo har bakin leɓe. Yana tsaye, tire a hannu, ya ce a ransa: Ya Uba, riƙe mini harshe.

"Ranka ya daɗe, mahaifiyata tana nan da ranta. Ɗakinta ne ya faɗi. Ina roƙon hutu in je in tayar da shi."

Maigida ya buga cinya ya fashe da dariya.

"Da ranta! Yau na ji sabon abu! Duk mai son hutu a gidan nan sai ya binne mini wani. Kakar Direba ban san sau nawa ta mutu ba. Da gawa ka kawo mini, da yau ka tattara kayanka. Je ka! Akwai ragowar kwanon rufi a bayan gida, kwashe. Direba ya kai ka."

A bakin ƙofa aka ji makullin mota ya faɗi ƙasa daga hannun Direba.

Dogo bai san lokacin da ya ce "Halleluya!" ba, har shayi ya zube. Ruwan farko na bana a cikin ɗakinta ya sami tsohuwa.

Darasi: Addu'a ba sai a coci ba, ba sai mai tsawo ba. Ka yi ta kullum, ranar da aka tsare ka da tambaya ka ƙara 'yar gajeruwa, sannan ka faɗi gaskiya. Ku tura wa duk wanda ke tsoron buɗe baki gaban na sama da shi.