Mayafina a Kan Gilashi

Ɗan ƙanina ne ya tozarta ni, kuma ba zan sakaya ba. Malamai kan ce "an yi wani mutum" don su rufa wa mai laifi asiri. To, an yi wani mutum, direban motar asibiti ne, kuma a bayan nan nawa na goya shi.

Shi ya raka ni ƙasar waje aka cire mini yanar ido. Da aka kwance bandeji ya ce, "Gwaggo, zo mu je gidan tarihi ki gwada sabon idon naki."

Ya 'yan uwa, me aka fara nuna wa idon nan? Gawa. Wata mata ce a akwatin gilashi, wai ta shekara dubu uku. Ta bushe kamar itace, amma kitsonta na nan. An yaye mata likkafani har ƙirji. Mutane sun yi layi, wani ma cingam yake tauna.

Ban yi makaranta ba, amma shekarata talatin ina wankan gawar mata, ko gwiwar mamaciya ban taɓa bari a buɗe ba. Na cire mayafina na shimfiɗa a kan gilashin. Ƙararrawa ta ɗauka, masu gadi suka yo kaina. Ina ce musu 'yar wani ce, uwar wani ce, ba sa jin yarena. Na waiga neman mai fassara, sai ga ɗan ƙanin nawa ya ɗaga waya yana dariya har da riƙe ciki.

"Gwaggo, maimaita, ban ɗauka da kyau ba."

Kafin jirginmu ya sauka, bidiyon ya riga mu gida.

Daga nan ya ɗanɗana zaƙin masu kallo. Wanda ya yi wa tsohuwar gawa dariya, sabuwa za ta ba shi tsoro? Rannan ya ɗauko wani saurayi da mota ta buge, ya cika a hanya. Ya tsaya, ya yaye zanen, ya ɗauki fuskar, ya watsa. Uwar saurayin tana cikin girki ta ga ɗanta a wayar maƙwabciya. Haka aka yi mata sanarwa.

Asibiti suka kore shi. Dangin mamacin suka maka shi kotu. Matarsa ta kwashe 'ya'ya ta koma gidansu. Yanzu ko a sahu ya tsaya, na kusa da shi sai ya matsa.

Wanda ya yaye wa mamaci sutura, tasa za a yaye tun yana numfashi. Allah ya kiyaye mu, ya rufa mana asiri a kwance da a tsaye.

Amma ni fa? Makon jiya na je gidan rasuwa da sabuluna da turarena. Babbar 'yar marigayiyar ta tare ni a ƙofa. "Mama, ki yi haƙuri, mun samu wata. Mu ba ma son harkar waya." Ni, da ko tabon jikin gawa ban taɓa ba wa kowa labari ba.

Jiya ɗan ƙanin nawa ya zo ya durƙusa, wai in roƙar masa shugaban asibiti. Na ce ya goge bidiyona tukuna.

"Gwaggo, ba ya goguwa. Ya riga ya bazu."

To, ƙanina, kai ka haife shi, kai nake jira. Ka kawo shi gaban matan unguwa ya faɗa da bakinsa cewa ba haɗa baki muka yi ba. Su kuma masu gidan gilashi, har yau mayafina na hannunsu. Ko su rufa wa baiwar Allah nan, ko su fito su gaya mini wanda ya ba su izinin buɗe ta.